Makarantar Bauhaus da tasirinta a kan ɗaukar hoton zamani

Bauhaus makarantar koyar da zane-zane da sana'o'in hannu da tsara gine-gine ce da aka buɗe a birnin Weimar na ƙasar Jamus a watan Afrilun 1919. Shekaru 14 kacal ta yi tana aiki kafin gwamnatin 'yan Nazi ta tilasta rufe ta a 1933, kuma ɗaliban da suka ratsa ta gaba ɗaya ba su kai dubu biyu ba. Duk da haka, da wuya a buɗe littafin tarihin ɗaukar hoto na ƙarni na 20 ba a ci karo da sunanta ba. Hoton da aka ɗauka daga saman bene ana kallon kawunan mutane, ko wanda aka matso kusa da abu har ya cika fuskar takarda, ko tallar da aka haɗa hoto da manyan haruffa, duk suna da alaƙa da darussan da aka gwada a wannan makaranta da 'yan uwanta.

Abin mamakin shi ne, a cikin shekaru goman farko Bauhaus ba ta da ajin ɗaukar hoto ko ɗaya.

Yadda aka tsara karatun

Wanda ya kafa makarantar, Walter Gropius, masanin tsara gine-gine ne. Ya haɗe tsohuwar makarantar zane ta Weimar da makarantar sana'o'in hannu suka zama ɗaya, domin a ganinsa raba mai zane da maƙeri ko masaƙi ya cutar da ɓangarorin biyu. Har laƙabin malamai ya sauya. A farkon makarantar ba a kiran kowa farfesa, tsarin masu sana'a aka bi, na gwani da ɗan koyo da wanda ya fara ƙwarewa. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago a wurin tela ko kafinta ya san irin wannan zama.

Ginshiƙin karatun shi ne ajin share fage, wanda Jamusawa ke kira Vorkurs. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi wata shida a cikinsa, daga baya aka mayar da shi shekara guda, kafin a bar shi ya zaɓi ɗakin sana'a, ko na ƙarfe, ko na katako, ko na saƙa, ko na ɗab'i. Johannes Itten, ɗan Suwizaland, shi ya fara tafiyar da ajin. Maimakon a ajiye wa ɗalibi tsohon zane a ce ya kwaikwaya, sai a ba shi katako da gilashi da ulu da waya, a ce ya taɓa, ya ji bambancin kaushi da santsi, nauyi da rashin nauyi, sannan ya haɗa wani abu da zai nuna bambancin. Josef Albers, wanda ya shiga koyar da ajin a 1923, ya shahara da darasin takarda: ɗalibi ya naɗe ta ko ya yanka ta har ta tsaya da kanta, ba tare da ya ɓarnatar da ko ƙyalle ba.

Tambayar da ake so ta zauna a kan ɗalibi ita ce: wannan abin da ke hannuna, me zai iya yi wanda wani abu ba zai iya ba? Da aka yi wa kyamara wannan tambayar ne sabon salon ya fito.

Moholy-Nagy da batun haske

László Moholy-Nagy ɗan ƙasar Hungari ne, an haife shi a 1895. Karatun lauya ya fara, yaƙin duniya na farko ya katse shi, daga nan ya koma zane. A 1923 Gropius ya kira shi ya maye gurbin Itten, ya riƙe ajin share fage da ɗakin sana'ar ƙarfe. Ba a ɗauke shi don ya koyar da hoto ba, kuma bai taɓa riƙe ajin hoto a Jamus ba. Tasirinsa ya bi ta ayyukansa da rubuce-rubucensa, musamman littafinsa na 1925, Malerei, Photographie, Film, wato zane da hoto da fim, na takwas a jerin littattafan da makarantar ta wallafa.

A lokacin, yawancin masu ɗaukar hoto da ke neman a kira su masu fasaha suna ƙoƙari ne hotonsu ya yi kama da zanen fenti. Sukan sa gilashin kyamara mai dusashe hoto, su goge gefuna, su zaɓi bishiya da kogi da faɗuwar rana. Moholy-Nagy ya ga wannan kamar mutum ne ya sayi mota ya ɗaura mata jaki ya ja. A wurinsa kayan aikin mai hoto shi ne haske, kamar yadda yumɓu yake ga mai ginin tukwane.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce hoton da ba a amfani da kyamara, wanda ya raɗa wa suna fotogiram. Shi da matarsa Lucia sun fara yin sa tun 1922. Yadda ake yi ba wuya. Takardar hoto tana da sinadarin azurfa a fuskarta, wanda ke yin baƙi a duk inda haske ya taɓa. A cikin ɗaki mai duhu sai a ɗora abu a kanta, ko cokali, ko rariya, ko tafin hannu, a kunna fitila na 'yan daƙiƙu, sannan a wanke takardar a ruwan magani. Inda abin ya rufe zai fito fari, inda haske ya sauka ya fito baƙi, abin da haske ke ratsawa kamar kofin gilashi kuma ya ba da toka-toka iri-iri. Dabarar ta girmi Bauhaus nesa ba kusa ba. Anna Atkins ta yi amfani da irinta a Ingila tun 1843 wajen nuna tsirran teku, kuma Man Ray yana yin tasa a Paris a daidai lokacin da Moholy-Nagy ya fara. Abin da Moholy-Nagy ya ƙara shi ne mayar da ita darasi. Ɗalibin da ya yi fotogiram goma ya fahimci haske da inuwa da hannunsa kafin a ɗora masa lissafin kyamara.

Da ya ɗauki kyamara kuma, sai ya sauya wurin tsayuwa. A 1926 ya tsaya a gindin sabon ginin makarantar a Dessau ya ɗauki barandunsa yana kallon sama. Wajen 1928 ya hau hasumiyar rediyon Berlin ya ɗauki ƙasa kai tsaye, tebura da hanyoyi suka koma da'irori da layuka. Wannan salo shi aka sani da Neues Sehen, sabon gani. Ya zo daidai da fitowar ƙaramar kyamarar Leica a kasuwa a 1925, wadda ke cin fim mai faɗin milimita 35 kuma ana riƙe ta da hannu, babu buƙatar ƙafafun da ake kafa manyan kyamarori a kai. Ba don ita da ire-irenta ba, da hawa hasumiya da kyamara ya zama aikin mutum uku.

A Mosko ma ana irin wannan tafiya. Makarantar Vkhutemas, wadda aka buɗe a 1920, tana da nata ajin share fage, kuma Aleksandr Rodchenko, ɗaya daga cikin malamanta, ya koma ɗaukar hoto a 1924 yana sukar al'adar ɗaukar komai daga daidai cibiyar mutum. Saboda haka duk mai cewa Bauhaus ita kaɗai ta ƙirƙiro sabon gani ya faɗi fiye da abin da ya faru.

Matar da aka manta da sunanta

Yawancin hotunan da duniya ta san Bauhaus da su, na ginin Dessau mai bangon gilashi, na gidajen malamai, na butocin shayi da fitilu, Lucia Moholy ce ta ɗauke su. An haife ta a Prague a 1894, kuma ita ce ta koyi aikin ɗakin wanke hoto yadda ya kamata, ta riƙa yi wa mijinta. Salonta ya saɓa wa nasa: takan ɗauki abu a miƙe, a sarari, ba ƙawa. Makarantar ta yi amfani da waɗannan hotuna a littattafanta da takardun tallarta.

A 1933 ta gudu daga Jamus cikin gaggawa, ta bar nagatif ɗinta na gilashi wajen 560, ta ƙare a Landan. Shekaru da yawa tana zaton sun lalace a yaƙi. Ashe suna hannun Gropius a Amurka, kuma an yi amfani da hotunanta a babban baje kolin Bauhaus da gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shirya a 1938, akasari ba tare da sunanta ba. Sai a 1957, bayan doguwar takaddama ta hannun lauyoyi, aka mayar mata da 230. Sauran har yau ba a san inda suke ba. Masu ɗaukar hoton da ke ganin aikinsu yana yawo a Facebook da WhatsApp an yanke sunansu za su gane wannan ciwo.

Batun mata a makarantar gaba ɗaya yana da irin wannan tabo. An yi shelar cewa ƙofa a buɗe take ga kowa, amma da mata suka yi yawa sai aka riƙa tura su ɗakin saƙa. Gertrud Arndt gine-gine ta zo karanta, aka kai ta saƙa. A 1930 ta ɗauki jerin hotunan kanta 43 cikin shiga iri-iri, waɗanda a yau ake lissafa su cikin muhimman ayyukan lokacin. Marianne Brandt, wadda ta samu shiga ɗakin ƙarfe har ta shugabance shi, ta ɗauki kanta a jikin ƙwallon ƙarfe mai sheƙi. Kyamara ta zame musu sana'ar da babu mai tsaron ƙofarta.

Ajin hoto na farko

A 1928 Gropius da Moholy-Nagy suka bar makarantar. Sabon shugaba, Hannes Meyer, ya fi damuwa da aikin da zai amfani jama'a ya kuma kawo kuɗi, sai ya buɗe ajin hoto a 1929 a ƙarƙashin sashen ɗab'i da talla, ya ɗauko Walter Peterhans. Peterhans ya karanci lissafi da falsafa, kuma mutum ne mai tsanani a kan ƙa'ida: auna haske, sanin sinadaran wanki, fitar da kowane mataki tsakanin fari da baƙi. Hotunansa na ƙananan abubuwa ne da ya jera a kan tebur, ƙyalle da gashin tsuntsu da guntun gilashi, an matso su kusa har ana ganin zaren ƙyallen. Hoton talla na kayan masarufi da muka saba gani ya ɗebo da yawa daga wannan tarbiyya.

A wannan shekarar ce kuma aka yi baje kolin Film und Foto a Stuttgart, mai ɗauke da hotuna kusan dubu daga Turai da Tarayyar Sobiyet da Amurka. Moholy-Nagy ne ya tsara zauren farko, inda ya jera hoton jarida da na asibiti da na kimiyya kusa da na masu fasaha ba tare da fifita wani ba. Baje kolin ya zaga wasu biranen Turai, a 1931 kuma wani ɓangarensa ya isa Tokyo da Osaka.

Watsuwa bayan 1933

Majalisar birnin Dessau da 'yan Nazi suka mamaye ta rufe makarantar a 1932. Shugabanta na ƙarshe, Ludwig Mies van der Rohe, ya mayar da ita wata tsohuwar masana'antar tarho a Berlin, 'yan sanda suka garƙame ta a watan Afrilun 1933, malaman suka rushe ta da kansu bayan 'yan watanni. Korar ita ta baza irin a duniya.

Grete Stern, ɗalibar Peterhans, da Horacio Coppola sun isa Buenos Aires a 1935, suka yi baje kolin da ake ɗauka a matsayin na farko na hoton zamani a Ajantina. Daga 1948 zuwa 1951 Stern ta riƙa yi wa wata mujallar mata mai suna Idilio hotunan haɗe-haɗe, inda take yanka hotuna daban-daban ta manna su don nuna mafarkan da masu karatu ke aikowa. A Faransa, Florence Henri, wadda ta ɗan zauna a Dessau a 1927, ta buɗe shagon hoto a Paris ta shahara da amfani da madubi. Cikin waɗanda suka koya a wurinta akwai Gisèle Freund da Lisette Model.

Amma inda darasin ya kafu sosai shi ne Chicago. A 1937 Moholy-Nagy ya buɗe New Bauhaus a can. Kuɗi suka yanke bayan shekara ɗaya, ya sake buɗewa a 1939 da taimakon wani attajirin kwali, Walter Paepcke. A 1944 aka sa mata suna Institute of Design, a 1949 kuma ta shiga ƙarƙashin jami'ar fasaha ta Illinois. A nan ne hoto ya samu gurbin da bai samu ba a Jamus. György Kepes ya jagoranci ɗakin nazarin haske, kuma kowane ɗalibi, ko da kujera ya zo koyon ƙerawa, sai ya yi fotogiram. Wani ɗalibi, Nathan Lerner, ya ƙirƙiro akwatin haske: kwali ne a huda masa ramuka, a rataya abubuwa a ciki, a riƙa sauya inda haske ke shiga ana kallon yadda siffar abu ke canzawa. Darasi ne da ba ya cin kuɗi, ana iya yin sa da kwalin sabulu da tocila.

Moholy-Nagy ya rasu a watan Nuwamban 1946 sakamakon sankarar jini, yana da shekara 51. 'Yan watanni kafin nan ya ɗauki Harry Callahan aiki, mutumin Detroit da ya koya wa kansa hoto yana ma'aikaci a kamfanin motoci na Chrysler. A 1951 Aaron Siskind ya zo. Waɗannan biyu su suka mayar da tsarin ya zama abin da makarantun hoto da yawa ke bi har yanzu. Ana ba ɗalibi matsala ƙwaya ɗaya, misali ya ɗauki hoto biyu a kan fim ɗaya, ko ya yi mako yana ɗaukar inuwa kawai, sannan a manna sakamakon a bango ajin ya tattauna. A ƙarshe ɗalibi ya zaɓi jigo guda ya yi shekara a kansa. Callahan kansa ya yi shekaru yana ɗaukar matarsa Eleanor da titunan Chicago da ciyawa a cikin ƙanƙara. Siskind, wanda ya fara da ɗaukar rayuwar baƙaƙen fata a unguwar Harlem, ya koma ɗaukar bangon da fentinsa ke ɓarewa.

Ɗalibansu sun cika jami'o'in Amurka da koyarwa, irin su Ray Metzker da Barbara Crane da Kenneth Josephson. Yasuhiro Ishimoto, wanda aka tsare a sansanin 'yan asalin Japan a jihar Colorado lokacin yaƙi, ya gama a 1952 ya tafi Japan ya ɗauki fadar Katsura ta ƙarni na 17 da idon da aka horar a Chicago. Littafin ya fito a 1960 da rubutun Gropius da Kenzo Tange a ciki.

A Jamus bayan yaƙi, likita Otto Steinert ya farfaɗo da gwaje-gwajen da 'yan Nazi suka binne. Ya koyar a Saarbrücken, yankin da ke ƙarƙashin kulawar Faransa a lokacin, ya shirya baje kolin Subjektive Fotografie a 1951, daga 1959 kuma ya koma makarantar Folkwang a Essen.

Sukar da ake yi wa salon

Babban ƙorafin shi ne, idon da ya saba neman layi da inuwa yana iya mantawa da mutumin da ke gabansa. Mai kallon kasuwa daga saman hasumiya yana ganin tsari mai kyau, amma ba ya ganin fuskar mai talla ko abin da ke damunta. Marubuci Walter Benjamin ya yi irin wannan suka a 1934, cewa sabon hoto ya kai ga mayar da talauci abin sha'awar kallo. Littafin Albert Renger-Patzsch na 1928 yake nufi, wanda ba ɗan Bauhaus ba ne, amma zargin ya shafi zamanin baki ɗaya. A Tarayyar Sobiyet sukar ta zo da ƙarfin hukuma, aka zargi Rodchenko da fifita siffa a kan saƙo, aka kore shi daga ƙungiyarsa a farkon shekarun 1930. Akwai kuma cewa dabarun da aka ƙirƙiro da niyyar sauya al'umma sun fi samun masauki a kamfanonin talla. Wannan zargi yana da ƙanshin gaskiya, kuma ita kanta makarantar ba ta taɓa ƙyamar talla ba.

Ina Afirka a cikin labarin?

Alaƙa ta kai tsaye ba ta da yawa. Wadda ta fi fitowa fili ita ce ta makarantar zane ta Kasabalanka a Maroko. Farid Belkahia ya zama shugabanta a 1962, ya jawo Mohamed Melehi da Mohamed Chabâa, suka watsar da manhajar da Faransawa suka bari. Sun ɗauki tsarin ɗakunan sana'a irin na Bauhaus suka haɗa shi da nazarin darduma da kayan azurfa da zanen rufin masallatan karkara. Melehi ya koyar da hoto a can daga 1964 zuwa 1969, kuma kyamara ce suka yi amfani da ita wajen tattara waɗannan zane-zane na gargajiya. A Najeriya kuma, Arieh Sharon, tsohon ɗalibin Dessau, shi ya tsara harabar jami'ar Ife a shekarun 1960, sai dai wannan gini ne.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma ta wata hanya dabam suka biyo. Seydou Keïta kafinta ne a Bamako, kawunsa ya ba shi kyamarar Kodak a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948. Malick Sidibé ya yi makarantar masu sana'a ta Bamako, sannan ya zama yaron shagon wani Bafaranshe mai hoto a 1955, kuma a 2007 ya karɓi kyautar Zakin Zinariya ta Venis. Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare ta Yamai bayan samun 'yancin kai. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara jerin hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yawanci daga baya ko daga gefe, a kan fili marar ado, ta yadda kitson ke fitowa kamar gini. Mai kallon hotunan Keïta, inda zanen atamfar mace ke karo da zanen labulen da ke bayanta, zai ga an warware matsalar siffa da bambanci irin wadda Itten ke ba ɗalibansa. A shago aka warware ta, da hasken rana, ga abokin ciniki yana jiran hotonsa. Tun 1994 ake taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako, kuma yana cikin abubuwan da suka fitar da waɗannan sunaye ga duniya.

Gine-ginen Bauhaus na Weimar da Dessau sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1996, kuma a 2019, da makarantar ta cika shekara ɗari da kafuwa, an buɗe sabon gidan tarihi a kowane ɗaya daga cikin biranen biyu. Nagatif 230 da Lucia Moholy ta ƙwato suna ajiye a ma'adanar Bauhaus da ke Berlin.